Hannun Malam Sabi'u Dudunni

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Oktoba 1979, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Sabi'u Dudunni, bayan zazzaɓin kwana huɗu. An kai shi makwanci kafin magariba.

Sabi'u, kowa a ƙasar Kusada ya san ka da hannu ɗaya. Abin da ba su sani ba shi ne ni na jawo maka, kuma kai ka hana ni faɗa.

Kakar gyaɗa ce, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ka faɗo daga kan lodin mota a Kankia, damtsenka na dama ya karye. Ni ɗan gidan maɗora ne daga Tafashiya, amma mahaifina bai ba ni izinin ɗori ba tukuna. Rawar kai ta ɗebe ni. Na kai ka ɗakin da nake haya, na jera kara, na ɗaure tamau. Da yatsunka suka kumbura suka fara baƙi, ka ce in kwance, na ce a gidanmu ba a kwance ɗori sai ya kwana bakwai. Kwana na biyar wari ya cika ɗakin. A asibiti can Katsina likita ya ce jini ya daina gudu, naman ya mutu har sama, in ba a cire daga kafaɗa ba rai zai tafi. Ya tambayi wanda ya ɗaure. Ina tsaye ka ce, "Wani baƙo ne a tasha, ban san shi ba." Ƙarya ɗaya ke nan da na san ka taɓa yi.

Da ka dawo gida ba ka zauna zaman tausayi ba. Ka bar sungumi, ka koma zuba iri kana rufewa da ƙafa, har ka fi matasa sauri. Idan an miƙo maka hannu, sai ka ba da hagu kana dariya: "Ku yi mani haƙuri, na daman ya riga ni tahiya." Ka hana tela Gajere ɗinka maka hannun riga biyu, wai ragowar yadin ya isa kallabin 'yarka Kubura. Allunan ɗalibanka kuwa, wata shida ka yi kana koyon rubuta su da hagu. Rubutun bai taɓa yin kyau ba, mu faɗi gaskiya, amma ba a taɓa kama ka da kuskure ba.

Ni ne na kasa sakewa. Duk zuwana gidanka, mai ɗakinka Luba za ta aiko mini da fura, in kuma jiyo ta daga zaure tana kai ƙarar baƙon nan wurin Allah. Sau uku ina buɗe baki, kana taka mini ƙafa. Ka ce, "Ma'aruf, ni na yahe. In ka hwaɗa, wa za ya riƙa kawo mani goro?"

Na bi umarninka kana da rai. Yau sai dai ka yi haƙuri da ni, ba zan iya zaman makokinka ana ce mini amini na gari ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya tashe ka da gaɓoɓinka cikakku. Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanenka Labaran, da Kubura, da ɗalibanka, da jama'ar Dudunni. Ke kuma Luba, Allah Ya ba ki dangana. Baƙon da kika shekara goma sha ɗaya kina kai ƙararsa, furarki yake sha. Ni ne. Gobe zan zo zaure in zauna, abin da kika ga dama ki faɗa mini.

Ma'aruf Tafashiya