Lita Goma Sha Shida Zuwa Ilori

Agege, kafin asuba

Tun kafin kiran sallar farko Alhaji ya fara buga ƙofar kowa a gidanmu da ke Agege, sai ka ce gobara ce ta tashi. Ni dama ban runtsa ba don murna. Ranar Asabar ce, Ilori za mu, gaisuwar iyayen yarinyar da autana Nura yake so. Sunanta Rashidat, Bayarabiya ce, tana aikin jinya a nan unguwarmu. Mahaifinta ya daɗe yana ja mana rai. Tsohon hedimasta ne, an ce ko liman ne ya makara sai ya gaya masa a gaban jama'a. Da ƙyar ya yarda mu zo, ya kuma yanka lokaci: ƙarfe biyu, bayan azahar, danginsa duka za su hallara. Rashidat ta roƙe mu har da hawaye kada mu makara.

Mu huɗu ne: ni, da maigidana Alhaji, mai sana'ar fata a mayankar Oko-Oba, da yayarsa Gwaggo Laraba, wadda Yarabancinta ya fi na Yarabawan, da shi angon gobe. Ta biyar ɗinmu kuwa, wadda ta fi kowa matsayi a wurin Alhaji, ita ce sabuwar motarsa, 'yar ƙaramar tokumbo ja mai haɗa fetur da batir. A gilashin bayanta akwai wata takarda da masu ƙera ta suka manna, wai lita ɗaya tana yin kilomita ashirin da shida. Tunda ya saye ta bai bari an ɓare takardar nan ba, ko wurin wanki sai ya ce a bi ta gefenta a hankali.

Ashe ya riga ya cika baki a majalisar 'yan fata cewa da lita goma sha shida zai shiga Ilori. Lissafinsa, tafiyar kilomita ɗari uku ce, sha biyu ta isa, ya ƙara huɗu don alfarma. Abokansa sun ƙaryata shi, shi kuma ya ce su jira hoto.

Muka cika but da doya, da huhun goro, da katan-katan na lemo, da kilishi, da rabin rago a kula. Da Gwaggo ta shiga baya, motar ta yi wani irin nishi ta durƙusa. Muka fashe da dariya, Alhaji ya ce, “Gaisuwa take yi miki, Yaya.”

A gidan man da ke kusa da gadar Pen Cinema, yarinyar da ke zuba mai ta leƙo ta ga kaya har rufi.

“Oga, tafiya ce? A cika?”

“Goma sha shida.”

“Ina za ku?”

“Ilori.”

Ta dube ni, na kau da kai. Nura ya sunkuyo daga baya ya ce, “Baba, don Allah a cika. Wannan lambar a cikin ɗaki suke gwada ta, mota tana gudu a wuri ɗaya. Ba esi, ba kaya, ba ramuka, ba gosulo.”

“Waɗanda suka ƙera ta sun fi ka sani. Riƙe wayar nan ka ɗauki mitar, mutanena suna jira.”

Haka ango ya ɗauki bidiyon da hannunsa. Biyar da rabi muka hau titi.

Berger zuwa Sagamu

Allon da ke gaban direba yana nuna abin da motar ke sha, Alhaji kuma ya mai da shi rediyo, yana karanto mana. Daga Ogba zuwa Berger titi wayam, ya yi ta kirari: “Ashirin da huɗu! Ashirin da biyar! Nura, kana ji?” Ni ma sai na ɗauki waƙa, Gwaggo tana amshi tana tafi, muna yi wa ango tsiya yana rufe fuska da hula.

Muna hawa doguwar gada muka tarar da abin da Legas ta saba. Wata tirelar shanu ta lalace daidai kasuwar shanu ta Kara, motocin haya na danfo sun cika kowane gefe, 'yan okada suna ratsawa kamar ƙudaje. Mun fi awa ɗaya muna rarrafe, esi yana ta hurawa. Rediyon Alhaji ya yi shiru. Na saci kallon allon, na ga sha biyar.

“Alhaji, nawa yanzu?”

“Tana hutawa ne, Hajiya.”

Bayan Mowe hanya ta buɗe, ya taka ta sosai don mu rama lokaci. Lambar ta ɗan farfaɗo ta tsaya a sha bakwai, ta ƙi gaba. Ya ɗan bubbuga allon da yatsa, kamar yadda ake yi wa tsohuwar talabijin.

Ibadan

Wajen ƙarfe tara muka ratsa Iwo Road muka tsaya a Ojoo wurin wani mai shayi ɗan Maraɗi. Shayi mai kauri, burodi da wainar ƙwai, Gwaggo kuma ta aika aka sayo mata amala da ewedu da sassafen nan, ta ce ba za ta yi magana a gidan surukai da yunwa ba. Mai shayin ya zagaya motar yana yabawa, Alhaji ya ja shi ya nuna masa takardar.

“Wallahi Alhaji mota ta yi,” in ji shi. “Amma ga gidan esansi nan kusa, ku ƙara ko kaɗan. Hanyar gaba manyan kamyon kaya sun yi yawa.”

Alhaji ya ce ya gode, ya biya kuɗin shayi, ya wuce gidan man ko kallonsa bai yi ba.

Oyo zuwa Ogbomosho

Kafin Oyo 'yan kwastan suka tsai da mu, suka duba takardun motar, suka ga komai daidai. Ɗaya ya hango doya ya tambayi ko biki ne, Gwaggo ta ba shi labarin auren tun daga farko da Yarabanci, har sai da na baya suka fara hon. Ya sallame mu da addu'a, muka ba shi goro.

Daga Oyo ne tafiya ta zama aiki. Manyan motoci a jere kamar jirgin ƙasa, ga ramuka, ga hawa da gangara. Sai ka taka birki, ka ja, ka sake takawa. Ana cikin haka wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon.

“Baba, wutar mai ta kawo.”

“Na gani. Ka karanta ƙasanta. Saura kilomita casa'in, in ji ta. Ilori saura nawa?”

“Kamar saba'in da biyar.”

“To?”

Ya kashe esi. Muka sauke gilasai, iska ta ɗebe min ɗankwalin da na ɓata rabin awa ina ɗaurawa. A cikin Ogbomosho na ƙirga gidajen mai da idona har na gaji, kowanne muka zo Nura ya ce “Baba,” Alhaji ya ce “Uhm-uhm.” Masu tallan mangwaro suna bin mu da gudu, shi kuwa ko tsayawa ba ya son yi, wai tashi daga tsaye shi ke cin mai.

Gaskiya a nan ya kamata in sa baki. Amma wani abu ya kama ni, irin na masu kallon ƙwallo. Ni ma so nake in ga ko za ta kai.

Bayan Ogbomosho

Muna fita gari lambar ta fara tsalle. Daga arba'in ta faɗo talatin, ba mu yi tafiyar kirki ba ta ce sha takwas. Alhaji ya cire hula ya ajiye a cinya. Duk gangara sai ya ɗage ƙafa ya bar ta ta gangara da kanta, duk hawa sai mu sunkuya gaba gaba ɗayanmu, har da Gwaggo, wai muna taya ta. Gwaggo ta fara lallashinta da Yarabanci, tana shafa kujera tana kiranta 'yar albarka. Ni dariya ta ci ƙarfina har hawaye ya wanke min kwalli. Nura kaɗai ne ba ya dariya, agogo yake kallo.

“To, gidan mai na gaba za mu tsaya,” in ji Alhaji a hankali, kamar mai ba da haƙuri a kotu.

Na gaban a rufe yake, awaki ne kwance a gindin famfo. Na bayansa gas kaɗai suke da shi. Daga nan lambar ta ɓace, wasu 'yan layuka suka maye gurbinta. Batirin ya ɗan ja mu shiru kamar keken ɗinki, sannan motar ta gangara gefen titi ta tsaya ƙarƙashin wata bishiyar kashu. Ƙarfe ɗaya da kwata. Ilori saura kamar kilomita ashirin.

Nan dariyata ta ƙare. Na dubi ɗana cikin farar shaddarsa, ya jingina da but ya dafe kai, na tuna irin zaryar da ya yi kafin a ba mu wannan ranar. Alhaji ya zo kusa da shi ya ɗan tsaya, sannan ya koma yana ɗaga wa motoci hannu. Babu wadda ta tsaya.

Nura ya kira Rashidat, ya ce ta turo ƙaninta da jarka a ɓoye, kada kowa ya ji. Muka yi alwala da ruwan leda muka yi azahar a kan tabarmar Gwaggo. Biyu ta yi muna nan. Biyu da kwata muna nan.

Sai ga wata farar mota ta rage gudu ta juyo ta tsaya a bayanmu. Wani dogon dattijo ya fito, da agbada mai ruwan toka da tabarau a karan hanci. Nura ya zube ƙasa ya kwanta rub da ciki irin gaisuwar Yarabawa, da shaddar da komai. A nan na gane ko wane ne. Ashe maganar ta kai kunnen mahaifin Rashidat, ya taho da kansa maimakon ƙaninta.

Dattijon ya zagaya motarmu hannuwansa a baya, kamar mai duba farcen ɗalibai. Ya tsaya a gilashin baya, ya gyara tabarau, ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Sannan ya juyo wurin Alhaji ya yi magana da Yarabanci.

“Kai ne mai motar?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Ashirin da shida suka ce maka?”

“Haka suka rubuta.”

“Lita nawa ka sha?”

Alhaji ya ce, “Goma sha shida.”

Dattijon ya shiga motsa leɓe, lissafi yake yi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya nuna farar motarsa da yatsa.

“Ni ashirin da takwas suka ce min. Ranar da zan kai matata filin jirgi za ta Makka, a bakin kasuwa motar ta mutu mana. A kan okada ta ƙarasa, da jakarta a ka. Har yau ba ta yafe min ba.”

Ya buɗe but ɗinsa ya fito da jarka da mazurari, waɗanda kallo ɗaya za ka yi musu ka san a nan suke kwana. Alhaji ya fashe da dariya, dattijon ya fashe, suka riƙe hannun juna suna tangaɗi a bakin titi, kowa yana ba ɗan'uwansa labarin yadda dillali ya rantse masa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har direbobin tirela suna leƙowa. Nura yana kwance har yanzu, sai da dattijon ya tuna da shi ya ce, “Tashi, ɗana, zo ka riƙe mazurari.”

Ilori

Uku saura muka shiga gidan, shi a gaba mu a baya. Tsakar gida cike da dangi cikin anko, an kafa rumfa. Kafin kowa ya yi ƙorafi, maigidan ya ɗaga hannu ya ce baƙinsa ba su makara ba, shi ya tare su a hanya. Matarsa ta dube shi ta dubi ƙurar da ke gwiwar wandon Nura, ta ce, “Mai ne ko?” Rumfa ta ɗauki dariya.

Gwaggo ta yi aikin da aka kawo ta yi. Ta gabatar da mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi barkwanci, ta yi roƙo, har wata tsohuwa ta tashi ta liƙa mata kuɗi a goshi. Aka karɓi goro, aka yi fatiha, aka ce an ba mu. Muka ci sakwara da miyar agushi, da shinkafa, da naman da ban san iyakarsa ba. Aka sauke ni da Gwaggo a ɗakin uwargida, maza a gidan ƙanin maigidan. Alhaji dai bai tura wa majalisa hoto ba, wayarsa tana ta ƙara ya kife ta.

Komawa gida

Washegari da hantsi surukinmu ya raka mu da motarsa har gidan mai. Ya tsaya a kan yaron da ke zubawa, bai matsa ba sai da famfo ya ƙwanƙwasa da kansa, sannan ya ce a ɗan ƙara. Muka biyo hanya da esi a kunne, muka tsaya a Ogbomosho na sayi mangwaron da aka hana ni jiya. Lahadi ce, titi ba cunkoso, la'asar ta yi mana a Berger, kafin biyar muna ƙofar gida a Agege, maƙwabta sun fito suna tambayar yaya aka yi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa mutanen Ilori da suka karɓe mu hannu biyu, da Gwaggo Laraba da bakinta ya yi mana rana, da duk wanda ya yi mana addu'a. An sa biki bayan babbar sallah.

Ina cikin kwance kaya wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka, na ji muryar Rashidat tana harhaɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya da Hausar da ban san ta fara koyo ba.

“Mama, kun sauka lafiya? Ya gajiya?”

Na zauna a bakin gado, na ce, “Lafiya lau, 'yata. Babu gajiya.”