Ranar da Ba'indiye Ya Sallame Ni

Kowa a unguwarmu ta Hayyin Ashir ya ce korata aka yi. Matar yayana ce ta fara faɗa, maƙwabtanmu 'yan Sudan suka ɗauka, kafin a jima labarin ya isa har unguwar Ard al-Liwa da ƙarin gishiri: wai na zagi mai saye, wai dama Ba'indiye ba ya riƙe bare. Duk ba haka ba ne. Na gaji da maimaita yadda aka yi, shi ya sa zan rubuta sau ɗaya in huta.

Bayan na gama sakandare aka turo ni Alƙahira in taya matar yayana renon tagwaye, shi yana karatu. Zaman ɗaki ba nawa ba ne. Da Larabcina ya ɗan nuna sai na fara raka Hajiyoyin Kano masu zuwa sarin abaya da yadi, ina yi musu tafinta. Wata rana muka shiga wani siririn shago a tsohuwar kasuwa, wani tsoho mai farin gashi yana zaune bayan tulin yadi. Ciniki ya ƙi ƙarewa, na ce wa Hajiya mu tafi, wannan tsohon ko allura ba zai rage ba. Sai ya ɗago kai.

"Allura kam zan rage, yarinya. Ina gajiya? Ina mutan Kano?"

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Kafin mu fita ya ce in ina son aiki in zo gobe, bakina ya yi masa, saura a koya masa birki.

Haka na fara. Baba nake ce masa, shi kuma 'yata, sai in na ɓata masa rai ya koma yarinya. Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakannina, har yanzu sule da kwabo yake ambato. Muna ninke yadi yana ba ni labari, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Indiyawa ne su, 'yan yankin Sindi. Kakansa ya sauka Bur Sa'id, a bakin teku, yana sayar wa fasinjojin jirgin ruwa kayan ado da siliki. Mahaifinsa ya zauna Umdurman ta Sudan. Shi kuma yana saurayi aka tura shi Kano wajen kawunsa, ya kwana a bayan shago, ya koyi Hausa a bakin 'yan dako. Yanzu ɗan ƙanwarsa yana Legas, wani ɗan'uwa yana Dubai, wani yana Sin. Kaya na tashi daga hannun wannan su faɗa hannun wancan, kamar dangi suna miƙa wa juna kwano a gidan biki.

Na taɓa tambayarsa to ina ne garinsu. Ya daɗe yana shafa wani yadi kafin ya amsa. Ya ce da aka raba ƙasarsu gida biyu garinsu ya faɗa ɗaya ɓangaren, iyayensa suka fito ba su koma ba. Shi bai taɓa ganinsa ba. Ya ce duk inda wani nasu ya ɗaga ƙofar shago da safe, nan ne garin.

Ba ya cin nama. Amma miyar kuka, wayyo. Nakan dafa masa da daddawa kawai, in ɗauko a mikrobas, ƙaramar motar haya, ina kare kular da jikina kada ta zube. Matar yayana takan ce wannan ai ba miya ba ce, azaba ce. Shi kuwa sai ya lumshe ido yana ci, yana kiran sunayen unguwannin Kano ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ni ban san su ba.

Ya koya mini gane yadi da yatsa. Ya koya mini yin shiru in mai saye na tunani, wannan ya fi ba mu wahala. Da safe yakan kunna turare, kuma mai sayen farko ba ya fita hannu wofi, ko da faɗuwa za a yi. Kullum yana gyara mini wani abu: yadda na tsaya, yadda na yi awo, yadda na ɗaga murya.

Sai kwatsam ya daina. Ya koma can ƙurya yana shan shayi, ya bar mini shagon. In yi daidai shiru, in yi kuskure shiru. Na zaci jikinsa ne. A lokacin yayana ya kusa kammalawa, ana ta zancen komawa gida, ni kuwa na riga na ƙudurta ba inda za ni. Na nemi ɗaki wajen wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan a unguwar Ainu Shams, ina ta lallaɓa yayana ya yarda. Shagon nan shi ne wuri na farko a duniya da bakina ya zama abin amfani, ba abin faɗa ba.

Ranar nan muna rufewa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ƙarshen wata kada ki zo. Khalas, kin gama nan."

Na jira dalili, bai zo ba. Na ajiye almakashi, na ɗauki jakata, ban jira ƙarshen wata ba. A jirgin metro na yi kukan da mata suka riƙa ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ba su san me aka yi ba.

Kwanaki ina gida ina wa tagwaye tsawa. Rannan da hantsi aka ƙwanƙwasa. Gidanmu can sama yake, ba lif. Na buɗe na ga Baba yana haki, matarsa na riƙe da hannunsa tana yi masa faɗa da yarensu. Mama, haka nake ce mata, ba ta jin Hausa, Larabcinta ma guntu-guntu ne, amma ta zaunar da shi, ta nuna shi da yatsa ta ce mini wannan tsohon kansa dutse ne.

Da numfashinsa ya dawo sai ya yi bayani, yana kallon tabarma. Ya ce a gidansu ba wanda yake tsufa a shagon da ya koyi aiki. In babba ya daina yi maka gyara, ka iya ke nan. In ya ce kada ka zo, an nema maka wuri ke nan. Haka kawunsa ya yi masa a Kano, kalma biyu, sai ga tikiti. Ba a bayani, don duk yaron gidan ya san ma'anar tun yana goye. Shi tuni ya yi magana da ɗan ƙanwarsa na Legas: yana neman wanda zai tsaya masa tsakaninsa da 'yan kasuwar Kwari ta Kano, wanda ya san yadi kuma ba a taka shi. Baba ya ce ya samo masa, wato ni. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ban gane ba.

Na ce, "Baba, ni ba 'yar gidanku ba ce. A wajenmu in an ce kada ka zo, kora ce."

Ya ɗago ido. "Shi ne kuskuren. Na manta ba 'yar gidanmu ba ce."

Matar yayana da ke laɓe a bakin kicin ta juya ta koma ciki. Daga baya na ga ta kawo shayi a kofunan da ba a fito da su sai an yi babban baƙo.

Na ce ni ba na son tafiya. Na ce in na tafi wa zai yi Hausa da shi. Ya ce wannan ba damuwata ba ce, ya yi shekaru yana hira da yadi kafin in zo, yadi bai taɓa mayar masa da baƙar magana ba. Ya ce shi ma ya yi kuka a ranar da ya bar Kano, kawunsa ma ya yi, amma a bayan shago, inda ba mai gani. Ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kuma a garinmu ya koyi wannan, kada in ce Indiyawa suka ƙirƙiro. Mama dai ba ta fahimci ko kalma ba, hannuna kawai ta riƙe tana murzawa.

Na raka su har ƙasa, tsani bayan tsani, yana dafa kafaɗata. Da ya shiga tasi na tsaya har suka sha kwana. Sannan na hau sama na kira tsohuwar Ainu Shams na ce ta ba wani ɗakin. Da yayana ya dawo daga makaranta na ce masa in zai yanki tikitin gida ya yanka har da nawa, kuma ya sani ba zaman gida zan je yi ba.