Ta'aziyyar Likitan da Ya Gano Ciwon Kaina a Wuya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina zaune a shagona da agogon wani a hannu, 'yarka ta fari ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Na ajiye agogon. Dukkanmu na Allah ne, ga shi ka riga mu komawa gare Shi, Baba Likita.

Shekara tara na yi ina fama da ciwon kai kafin in san ka. Daga ƙeya yake tasowa, ya bi ta bayan kunne ya sauka a idona na dama. Na sha magani har cikina ya gaji. Ni mai gyaran agogo ne, aikin ido da natsuwa, sai ga shi ɗan ƙaramin sukuru yana gagarata. Na riga na gaya wa maiɗakina zan rufe shago, a raina kuwa na yanke cewa wani mugun abu ne ke girma a cikin kaina.

Ita ta ja ni zuwa ɗakin aikinka, mai siririn gado ɗaya da ƙashin baya na roba rataye a bango. Ba ka yi gaggawar taɓa ni ba. Ka tambayi sana'ata, ka sa na nuna maka yadda nake zama, ka duba hoton ƙashin wuyana, sannan ka danna babban yatsa a gindin ƙeyata. Nan take ciwon ya harba zuwa ido.

"Ɗana," ka ce, "kanka ƙara kawai yake kawowa. Mai laifin wuyanka ne."

Mako shida kana sassauta mini gaɓoɓin nan a hankali, har na wayi gari kaina sakayau. Ba ka tsaya nan ba. Da ƙafarka ka zo shagona, ka sa aka ɗaga teburina da katako biyu, kana yi mini tsiya wai ina gyara wa kowa lokaci amma na rasa minti ɗaya na ɗaga kai.

Da na kawo maka ƙanwata da nata ciwon kan, tambaya uku ka yi mata, ka ƙi taɓa wuyanta. Ka ce wannan ba naka ba ne, mu wuce asibiti yanzu. Ashe jininta ne ya hau sosai. Tana raye yau, kuma ta fi kowa kuka da ta ji labari.

Bara hannunka ya fara rawa, kai da kanka ka rufe ɗakin, ka ce ba za ka ɗora shi a wuyan ɗan wani ba. Na ji kana kwance, na ce zan zo Juma'a. Ban samu Juma'ar ba, Baba. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya mana. Ga Mama maiɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.