Bangon Ɗakin Jikoki

Kawuna magini ne, kuma ido ɗaya gare shi tun yana saurayi, siminti ya cinye ɗayan. Da wannan idon yake taƙama. Bai yarda da igiyar awo ba. Ya karkata kai, ya ƙanƙance ido, shi ke nan a ɗora bulo. Taurin kai kuwa ba a magana.

Sai idon ya fara yi masa wasa. Bakin ƙofa ya lanƙwashe, fuskar matarsa ta tsuke a tsakiya kamar an zuge bakin jaka. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da aiki, har ya gina wa jikokinsa ɗaki a bayan gida. Da abin ya ci tura, likita ya ce ɗan rami ne ya ɓule can cikin idon. Aka yi masa aiki, aka sa kumfar iska a ciki, ya yi kwanaki a kife yana kallon ƙasa.

"Karkacewar za ta ragu a hankali, Baba," in ji likitan. "Wata ma ba za ta tafi duka ba."

Haka aka yi. Taga ta miƙe, turken lantarki ya miƙe, hancin matarsa ya koma mazauninsa, har yana tsokanarta wai ashe ba ta lalace ba. Bango ɗaya ne ya ƙi, na ɗakin jikokin. Duk sanda idon ya ƙara warkewa, sai bangon ya ƙara ranƙwafowa kan katifar yaran. Nakan same shi da rana tsaka tsaye a ƙofar ɗakin, ko motsi ba ya yi, sai tsikar jikina ta tashi.

"Idonka ne, Kawu," na ce, ni da ban taɓa kallon bangon sau biyu ba.

"Je ki aro mini igiyar awo."

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Ya riƙe ta a saman bangon, ƙarfen ya sauka yana lilo, ya tsaya. Tazarar da ke ƙasa ta ci tafin hannuna har da saura.

"Ran da na gama shi," ya ce a hankali, "duk gidan nan shi kaɗai na ga a miƙe."

Muka ja katifar yaran waje. Ina juyowa na gan shi yana sa takalmi, igiyar a aljihu.

"Kawu, ina kuma za ka?"

"Ba shi kaɗai na gina ba a shekarar nan."