Ku Bar Ta Ta Gama: Jinjina ga Baba Emenike

Kafin masu Keke Napep su fara rigimar layi a bakin kasuwar Kafanchan, Baba Emenike ya riga ya buɗe shagonsa da ke bayan tsofaffin gidajen ma'aikatan reluwe. Ba kwamfuta yake fara kunnawa ba. Butar shayi yake ɗorawa, ya daka citta 'yar Kwoi ya zuba, irin wadda ke sa mutum tari kafin ya yi godiya. Sannan ya gyara katakon da ya shimfiɗa a kan kwata saboda masu keken guragu, ya zauna jira.

Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifinsa daga gabas. A nan aka binne cibiyar Emenike, a nan ya yi furfura. Da gyaran keken ɗinki ya fara, ya koma rediyo, daga bisani ya kama aikin da ya tsufa a cikinsa: haɗa kwamfuta da mutumin da aka ce jikinsa ba zai iya taɓa ta ba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, idanu sun fara yi masa gardama. Gara mu yabe shi yanzu, kunnensa na ji.

Duk wanda aka kawo masa, sai ya miƙa masa kofin shayi, ya yi gum yana kallo. 'Yan rakiya sukan ƙosa, wasu har su ɗauka tsohon ya manta abin da ya kawo su.

"In na ce mutum ya ɗaga hannu, abin da ya mutu zai nuna mini," in ji shi. "In na ba shi shayi, jiki da kansa zai nuna abin da ya rage."

Da haka ya lura cewa wani manomin citta da inji ya cinye wa yatsu yana riƙe kofi da wuyan hannu, ya ɗaura masa ɗan tsinken ƙarfe da robar taya, yau da kansa yake tura wa masu saye saƙo. Makafin da ya koya wa sauraron kwamfuta mai magana kuwa, har jami'a wasunsu suka kai. Amma labarin da ake yawan bayarwa na Malama Afiniki ne.

Malama Afiniki tsohuwar shugabar firamare ce, kuma a da ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu. Ciwon shanyewar jiki ya ɗauke mata magana da hannuwa, ya bar mata ji da hankali cur. Ɗanta Christopher, da aka yi wa canjin aiki zuwa Kaduna, ya tara dangi, suka yanke a kai ta Kagoma wurin ƙanwarta. Ba mugunta ba ce, yaron na son uwarsa. Sai dai a falonta aka yi shawarar, tana zaune a tsakiyarsu, ana ta "Mama za ta fi jin daɗi" kamar tana wani gari. Matar da in ta ɗaga gira makaranta ke yin tsit, ga ta ana raba kayan ɗakinta a gabanta. Abin da ciwo.

Doreen, matar Christopher, ita ta kira Baba Emenike. Ya zo da shayinsa, dabarar ta ƙi ci, don da cokali ake ba Malama. Ya koma shago jiki a sanyaye. Ya dawo, ya sake dawowa, yana zama a gefe kamar mai jiran bashin da ba a ci ba. Ran nan ya tarar da matan Zumunta sun zo gaisuwa da tulunsu na kiɗa. Kowa na kallon fuskar Malama, shi yana kallon ƙasa. Ƙarƙashin bakin zane, babban yatsan ƙafarta na hagu yana bin kiɗan daidai. Da mai tulun ta yi sanyin hannu, yatsan ya tsaya, sannan ya buga da ƙarfi. Ko a kwance, Malama gyara take yi.

Ya cire feda daga wani mataccen keken ɗinki, ya yanke, ya haɗa ta da ƙaramar kwamfuta. Ta farko ta yi tauri. Ta biyu ta yi laushi, ko tari Malama ta yi sai ta danna. Ta uku ta zauna. Haruffa na haskawa ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfutar, wanda take so ya haska sai ta taka. Aikin haƙuri ne, kalma ɗaya kan ci lokacin dafa ƙwai.

Nan ya kafa dokarsa. Ranar farko Malama ta rubuta "ru", Doreen ta ruga ɗebo ruwa, ashe "rufe taga" ake nufi.

"Madam, zauna," ya ce. "In kun cika mata magana, kun sake rufe mata baki ke nan. Ku bar ta ta gama."

Shi kansa dokar ta matse shi. A ransa ya gama tabbata Malama za ta ce ba inda za ta, har ya shirya abin da zai faɗa wa Christopher in gardama ta tashi. Amma bai taɓa ambata mata Kagoma ba, don kada ya sa mata magana a ƙafa.

Ranar Asabar ɗin tafiya, an ɗaure kaya, mota na ƙofa. Aka ajiye fedar ƙarƙashin ƙafarta. Ta fara takawa, ƙas, ƙas na ƙarfe. Doreen ta karanta a hankali: "Zan je Kagoma."

Ba abin da Baba Emenike ya zata ba ke nan. Christopher ya ja dogon numfashi. "Mun gode Ubangiji," ya ce, ya sungumi jaka.

"Ɗana, ajiye jakar nan," in ji tsohon, idonsa na ƙasa. "Ƙafar ba ta tsaya ba."

Suka jira. Direba ya yi hon, ba wanda ya motsa. Wannan karon Doreen ta kasa karantawa, Christopher ne ya sunkuya ya gani: "Amma ba wanda ya tambaye ni."

Babban mutum da iyalinsa, ya durƙusa a gabanta, ya kama ƙafar nan da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Mama, ki gafarta mini. Za ki je Kagoma?"

Ta bar shi a durƙushe yadda take barin ɗalibi, sannan ta taka: "I. Bayan Kirsimeti."

Aka sallami direba, aka kwance kaya.

Baba Emenike, kai ne mai kallon ƙasa lokacin da kowa ke kallon fuska. Kai ka hau babur ka bi ta har Kagoma, ka kafa mata ɗan faifan sola a kan rufi don kada rashin wuta ya sake yi mata shiru. Ƙanwarta na ƙorafin cewa ko gishiri ta zuba a gwate sai ta ji ƙas daga ɗaki, tana faɗa tana dariya. Ba ka warkar da kowa ba, ba ka taɓa cewa za ka warkar ba. Baki ka mayar wa mutane, suka faɗi ra'ayinsu, ko da ba wanda kake so ba ne.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya sa albarka a hannuwan nan. Fasto ya roƙa a samu matasan da za su gaji shagon, kuma muna fata a samu. Mu da ba mu iya haɗa waya ba, akwai rabin aikinsa da ba ya bukatar sukundireba. In kun zauna gaban wanda magana ke yi wa nauyi, ku tambaye shi, sannan ku ajiye jaka ku jira.