Koken da muka kasa janyewa

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina jiran aiki, amma ranar da Baba ya aike ni in janye koken da na rubuta a kan lauyanmu, ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune a gidanmu a Ƙofar 'Yandaka. Muna shari'a da wani mutum da ya ci mana iyakar gona, kuma lauyan da Baba ya ɗauka ɗan unguwarmu ne, masallaci ɗaya muke sallah. Duk sanda Baba ya tambaye shi, amsar ɗaya ce: "An ɗage, Alhaji." Haka muka yi damina biyu. Ni dai ban zarge shi ba, ko kuma in ce ban yarda zuciyata ta zarge shi ba. Wata rana na biya kotun don kawai in ji ranar zama, sai magatakarda ya duba fayil ya ce ai tun bara aka kori ƙarar, saboda lauyanmu ya daina zuwa. Sau uku na sa ya maimaita mini.

Baba ya yi fushin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Kai ne ka yi boko, rubuta musu." Na rubuta koke ga masu ladabtar da lauyoyi, na yi rantsuwa a kai. Kwana huɗu ina gyara shi, ina cire duk kalmar da na ga ta yi zafi. A zatona kiransa za a yi a ja masa kunne, shi ke nan.

Bayan wasu watanni aka aiko masa takardar kira. Da la'asar sai ga liman da dattawa huɗu a zaurenmu, Barista, lauyan namu, yana bayansu, kansa a ƙasa. Da aka gama gaisawa liman ya ce, "Alhaji, ya yi kuskure kuma ya amsa. Da aikin nan yake riƙe gidansu gaba ɗaya." Barista ya ce jinyar mahaifiyarsa ce ta hana shi zuwa kotu, da aka kori ƙarar kuma ya ji nauyin faɗa. Baba ya ce, "Na yafe. Gobe yaron nan nawa zai je ya janye takardar." Aka shafa fatiha, ni ma na ji sanyi.

Washegari na je ofishin da na kai koken. Wata lauya mai manyan shekaru ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah ya ba ku lada, amma magana ta bar hannunku. Ka rubuta cewa kun yafe, za a karanta, wataƙila ta sassauta masa."

Na ce, "Hajiya, ai mu muka kawo ƙarar."

Ta ce, "Ku kuka kawo. Wanda zai ɗauke shi aiki gobe fa, shi ma ya yafe?"

Ban tabbata na gane duk bayaninta ba a ranar. Na dawo gida ina ta jujjuya yadda zan faɗa. Baba ya ce, "Wace irin shari'a ce mai ƙara zai ce ya bari, a ce masa bai isa ba? Ni da bakina na faɗa gaban liman. Mi zan ce musu?" A unguwa kuwa an gama yanke hukunci. Mai shagon bakin layinmu ya ce mini, "Malam mai digiri, ashe Alhaji ya yafe, kai ne ba ka yafe ba." Wasiƙa uku na rubuta wa masu ladabtarwar ina roƙo. Duk da haka aka dakatar da Barista shekara biyu.

Baba ya ce in kwaso kwafin wasiƙun, muka je har gidan Barista a Kambarawa don ya ga ba mu saɓa alkawari ba. Ya karanta su tsaf, ya ce, "Kun yi iyakar yinku, Alhaji. Ni tun ranar da muka zo na san ba a janyewa."

Baba ya ce, "Ka sani, ka bar ni na yi alkawari gaban mutane?"

Ya ce, "Liman ne ya ce a zo. Na kasa faɗa masa."

Muka fito muka nemi mai babur.

Gonar dai wani lauya ya farfaɗo da shari'arta daga baya. Har yau ban san ko na kyauta da na rubuta koken ba, wani lokaci in ga daidai ne, wani lokaci in ga na yi gaggawa. Abin da na tabbatar kaɗan ne. Ba na ƙara sa hannu a takarda sai na tambayi ko ana iya dawo da ita, kuma in labari marar daɗi ya faɗo hannuna, a ranar nake isar da shi.