Ranar da Na Kawo wa Yayata Ambulan

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta wata Laraba a Funtua ba, ranar da Turancina ya kusa rufe wa yayata gidan abinci.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata firamare a Tsiga ba, kuma a gidanmu ni ne Bature. Takardar magani, saƙon waya, duk ni ake kawo wa, ni kuwa kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni. Yayata tana da ɗan gidan abinci a hanyar kamfanin gurzar auduga, tana sayar da tuwon shinkafa da dambu. Direbobi da leburori ne masu cinikinta, kuma shekara huɗu ta yi tana tara su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga wasu baƙi daga Abuja za su yi taron mako guda da manoman auduga, suna neman inda za su riƙa cin abincin rana. Shugabarsu, wata Hajiya mai yawan surka Hausa da Turanci, ta bugo waya, Yaya ta miƙo mini. Hajiya ta ce gobe za su zo su gwada, in ya yi musu, makon duka namu ne. Sannan ta ƙara da cewa su fa abin da suka fi dubawa shi ne ambience.

Ban taɓa jin kalmar ba. Amma Yaya na tsaye tana kallon bakina, sai na ce, "Ba matsala, Hajiya, akwai."

"Mi ta ce?" in ji Yaya.

"Ambulan suke so, motar asibiti. Manyan mutane ne, ba sa cin abinci sai da ita a kusa, ko wani zai ƙware."

"Ikon Allah! Tuwon ma sai an yi mashi tanadin asibiti? To, kai ka san su."

Ina da aboki mai tuƙa motar wani ƙaramin asibitin kuɗi. Na yi ta yi masa magiya, da hantsi ya kawo ta ya ajiye daidai ƙofar Yaya. Don a san mun shirya, na ce ya ɗan taɓa jiniya sau ɗaya.

Jiniyar nan ita ta gama da mu. Kafin azahar labari ya kai tasha cewa wani ya ci dambun Yaya ya faɗi, kafin ya isa kasuwar hatsi mutum uku ne suka faɗi. Leburorin da suka saba cika benci suka tsaya a tsallaken titi suna leƙe, ba wanda ya tako.

Da baƙin suka iso, Hajiya ko fitowa ba ta yi ba, gilashi ta sauke. "Subhanallahi, wa ba shi da lafiya?"

Na gyara wuyan riga na ce, "Lafiya lau, Hajiya. Abin da kika ce ne muka tanada."

Ta dubi motar, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce ita yanayin wuri take nufi: inuwa, iska, tsafta, natsuwar da mutum ke ji in ya zauna. Ta ce wasu atmosphere suke cewa, yaran yanzu kuma vibe. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Yaya ta ce, "Au, ni'imar wuri? Ai da Hausa kika faɗa, Hajiya, da ba a tada motar mutane ba." Ta kai su bayan shago, ƙarƙashin mangwaro, ta shimfiɗa tabarmi, ga ruwan randa mai sanyi. Suka ci suka nemi ƙari, makon kuma ya zama nata.

Amma baƙo raɓa ne. Sun tafi, benci ya ci gaba da zama wayam. Wata ranar Asabar na bi ta tasha, na hango Yaya da kular dambu, tana ɗiba tana ci a gaban direbobi don su yarda ba guba a ciki, su kuwa suna ta tsokanarta. Na laɓe bayan wata bas, kunya da tausayi suka rufe ni. Sai da ta yi kusan wata tana haka kafin mutanenta su dawo, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Iyakarta in na shigo ta ce, "A ba Bature kujera."

Daga ranar na gane cewa "ban gane ba" ba ta rage wa mutum komai. Kunyar minti ɗaya na guje wa, yayata ta ɗauke ta wata guda a kanta.